Ɗakin da ya yi tsit, wasansa ya fi zafi

Ɗan ƙaramin gidan wasan karta gare ni, mai lasisi, teburi huɗu kacal, kuma abin da aka fi bugawa a ciki shi ne poka, nau'in da ake kira Texas Hold'em. Kowa a ba shi karta biyu a kife, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiya: uku tukuna, sai ɗaya, sai ta ƙarshe. Karta 52 ce ko'ina ka je, dokokin ma ba su da wani bambanci. Duk da haka wanda ya zaga ya san wasan wani ɗaki ya fi na wani tsauri nesa ba kusa ba, ko da zubin dolen da ake fara hannu da shi iri ɗaya ne. Ni dai yanzu daga bakin ƙofa nake ganewa. In na jiyo hira da dariya, wasan ranar da sauƙi. In ba na jin komai sai ƙarar kwabban roba da ake zubawa a madadin kuɗi a hannun mutane, to an haɗu da kar-ta-san-kar.

Da kuskure na koyi wannan. A shekarata ta biyu wasu ƙwararru biyu da ke zuwa kullum suka yi ta ƙorafin surutu, wai yana hana su lissafi. Ganin su ne ba sa fashi, sai na biye musu. Na kashe kiɗa, na sa farar fitila mai ƙarfi, na ce wa masu rabon karta su rage hira. Ɗaki ya zama kamar zauren jarrabawa. Ba a yi 'yan watanni ba sai na lura masu zuwa don nishaɗi bayan tashi daga aiki sun fara janye jiki, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi mini sallama. Na kira wani dattijo da na saba da shi na ce, "Baba, kwana biyu ba a ganinka, ko mun yi laifi?" Ya ce, "Ɗana, ba ku yi laifi ba. Na zo in huta ne, sai na tarar kowa ya toshe kunne ya rufe ido da baƙin tabarau yana jiran in yi kuskure."

Abin da ya faɗa yana da lissafi a bayansa. Karta biyun farko za su iya zuwa ta hanya 1,326, waɗanda in an tattara su iri 169 ne, kuma mafi yawansu ba su cancanci a zuba musu kuɗi ba. Ƙwararre a teburin mutum tara yakan ajiye kusan huɗu cikin biyar tun kafin a buɗe ukun tsakiya. Mai rabo kuwa, in hannunsa na da sauri, abin da yake rabawa a awa bai wuce hannu 25 zuwa 30 ba. Ke nan ƙwararre zai shafe awa guda bai shiga fiye da hannu biyar ko shida ba, kuma hakan bai dame shi ba. Ɗan nishaɗi ba zai iya wannan zaman ba, shi so yake ya ga me za a buɗe. A ɗakin da ake raha, har mai taka-tsantsan yakan saki jiki ya bi hannun da da shi kaɗai ne da ya ajiye. A ɗakin da ya yi tsit, ɗan nishaɗin ma sai ya takura don yana jin idanu a kansa, ko kuma ya tashi ya tafi. Ko wanne ya faru, wasa ya ƙara wuya.

Ga kuma abin da ƙwararrun nan biyu suka manta. A poka ba da gida ake karawa ba, kuɗi tsakanin 'yan wasa yake yawo, mu la'ada kawai muke cira daga tulin tsakiya, wasu gidajen kuma kuɗin zama suke karɓa duk rabin awa. In ka tara gwanaye tara masu ƙarfi ɗaya, ba mai cin wani, la'adar ce za ta riƙa gutsurarsu a hankali har su gaji. Ƙwararrun nan biyu da kansu suka fara bugo waya suna tambayar wa da wa ke zaune kafin su fito.

Da can ba haka abin yake ba. Bayan da Chris Moneymaker, wani akanta da ya samu gurbi ta intanet, ya lashe babbar gasar duniya a Las Vegas a 2003 ya tafi da dala miliyan 2.5, sababbin shiga suka yi ta kwarara. Mutum 839 suka shiga gasar a shekarar, zuwa 2006 sun kai 8,773. A lokacin ko ɗakinka bai da daɗin zama za ka samu jama'a. Yanzu ilimin wasan ya bazu. A 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, ta jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, ta doke ƙwararru huɗu, a 2019 kuma wata manhajar mai suna Pluribus ta yi nasara a teburin mutum shida. Matashin da ya zauna da wayarsa wata uku zai san abin da na dā suka kwashe shekaru suna koyo. Ba ni da iko a kan wannan, ikona a kan ɗakin yake.

Na mayar da kiɗa ƙasa-ƙasa, na sauya fitilu, na sayi kujerun da baya ba ya ciwo a kansu. Waɗannan masu sauƙi ne. Babban aikin yana wurin masu rabo, waɗanda ke sauya tebur duk minti 30. Ina so mai rabo ya san sunan kowa, ya yi wa baƙo bayani ba tare da ya kunyata shi ba, ya kashe rigima tun tana ƙarama. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a sana'armu fuskar mai rabo ce fuskar gida. Na kuma ƙayyade abin da mutum zai zauna da shi, kada ya wuce ninki 100 na babban zubin dole (zubin dole biyu ne, ƙarami da babba), domin duk lokacin da kuɗin gaban mutane ya yi yawa, gwani ne ke ƙara samun fili. Na hana bin mai rauni daga tebur zuwa tebur. Wanda kuwa ya ci mutuncin wani don ya cinye shi da sa'a, gargaɗi ɗaya nake yi, na biyu ya tafi gida sai wata rana. Ba abin da ke korar sabon shiga kamar a wulaƙanta shi a kan hannun da shi ya ci.

Akwai iyakar da ba na ƙetarewa, kuma ina faɗarta da gaske don caca tana rusa gida. Na san ana iya sassauta wasa ta hanyar ɗura wa mutane giya ko ba su bashi su ci gaba. Ba na yin ko ɗaya. In na ga zuciya ta ɗebi mutum yana neman fanshe abin da ya rasa, nakan ja shi gefe in ce ya isa haka yau. Wasu kan yi fushi, wasu su gode daga baya, akwai ma wanda ya roƙe ni da kansa kada in ƙara barinsa ya shigo, kuma ban bar shi ba.

Dattijon nan ya dawo bayan wata biyar. Ɗaya daga cikin ƙwararrun biyu ya koma wani gida, ɗayan yana nan, ya cire abin kunnensa, kuma a daren jiya shi na tarar yana nuna wa wani baƙo yadda ake leƙa karta ba tare da na kusa ya gani ba.