Kafin in tambayi kuɗin buhu sai na tambayi daga ina ya fito

Sana'ata kayan ƙamshin girki ne, ina saro su a buhu mu tsince mu niƙa mu zuba a robobi, ni da yara biyu da ke taya ni. Rabin aikin nan wallahi sanin ƙasashe ne, sunan kaya kaɗai ba ya isa, sai ka san ƙasar da aka noma shi.

Kirfa ce ta koya min wannan. Farkon farawata wani dila ya ba ni buhu ya rantse ta Siri Lanka ce, na biya kuɗinta cif, ashe kasiya ce, 'yar uwar kirfa, irin wadda ake nomawa a Sin da Biyetnam da Indunisiya. Yanzu ko ido rufe zan bambance su. Ta Siri Lanka ɓawonta siriri ne kamar takarda, a nannaɗe ninki kan ninki, kana matsawa da yatsa take rugurgujewa, ƙamshinta kuma mai sanyi. Kasiya ɓawo ɗaya ne mai kauri jaja-jaja, ga tauri har injin niƙa sai ya yi kuka, ga zafi a harshe. Kuma fa ba wai ba ta da kyau ba, masu girkin Sin ita suke jefawa a naman da ake barin shi ya daɗe a wuta, kawai dai kowacce da gurbinta da kuɗinta.

Daga nan na shiga karance-karance, abin ya zame min jaraba. Kanumfari da yawanci ake cewa na Zanzibar ne asalinsa tsibiran Maluku ne a Indunisiya, sai a ƙarni na 19 zamanin sarakunan Oman aka cika Zanzibar da Pemba da shi. Mai kyau in ka danna shi da farce sai ka ga mai ya ɗan tsattsafo, wanda aka riga aka tatse mansa kuwa fayau yake ba nauyi. Gyaɗar ƙamshi ita labarinta har tsoro yake ba ni, a da tsibiran Banda na Indunisiya kawai ake samunta, Turawa suka yi ta zubar da jini a kanta, a yarjejeniyar Bireda ta 1667 Holan ta riƙe ɗan tsibirin Run da ke cikin Banda, Ingila kuma ta riƙe Manhatan, wato tsakiyar birnin Niyok na yau.

Barkono ma da kowa ke ɗauka ɗan Indiya ne daga nahiyar Amurka ya fito, 'yan Fotugal ne suka kai shi Indiya bayan matuƙin jirgin ruwansu Basko da Gama ya isa garin Kalikut na can a 1498. In na faɗa wa kastoma haka sai ya tsaya yana kallona, wasu har musu suke yi.

Za'afaran shi ne wanda ba na wasa da shi ko kaɗan. Mafi yawansa Iran ke nomawa, kowace fure zare uku kacal take bayarwa kuma da hannu ake cira, shi ya sa jabu ya yi yawa. Duk sampul da aka kawo min sai na jefa zare biyu a ruwan ɗumi na zauna na jira. Na gaskiya a hankali yake sakin ruwan ɗorawa kuma zaren na nan da jansa. Wanda ya rina ruwan ja nan take, ranar nake mayar wa mai shi.