Shagon Babanmu a Kantin Kwari

Ina aji huɗu na firamare Baba ya fara tafiya da ni shago duk ranar Asabar. Aikina a lokacin bai wuce kakkaɓe ƙura ba, da ninke turamen atamfar da masu saye suka sa aka warware suka tafi ba su saya ba. A haka hannuna ya koyi kaya tun kafin kaina ya koyi lissafi. Yau ko ido a rufe ka miƙo min ƙyalle, in na murza shi tsakanin yatsu zan gaya maka Holan ce ta gaske ko kwaikwayonta, shaddar nan Getzner ce ko mai kama da ita. Babu wanda ya zaunar da ni ya koya min wannan. Zaman shago ne da kallon hannun Baba.

Atamfa da shadda da leshi muke sayarwa, sari da ɗai-ɗai. Mu buɗe dila, mu jera turmi-turmi, kowane yadi shida. Masu sarinmu daga Katsina da Gusau da Maiduguri suke zuwa, wasu daga Maraɗi da Damagaram, wasu har daga Chadi da Kamaru. Kasuwa tana tashi ne gabanin azumi zuwa ƙaramar Sallah, sai lokacin bukukuwa da ake haɗa lefe. Sa'ad da Baba ya fara, kayan masaƙun Kaduna da na Kano ne suka cika rumfuna. Da masaƙun suka yi ta durƙushewa, har masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, sai kasuwa ta koma kan kayan Sin, kuma tun daga nan farashin turmi ya zama yana bin bayan abin da 'yan canji suka faɗa a Wapa.

A sana'a irin wannan, kuɗi da yawa suna yawo ne a kan magana kawai. Mai kawo kaya zai sauke maka diloli ya ce sai ka sayar, kai ma ka ba mai sari ya tafi garinsu sai ya dawo. Abin da ke riƙe da wannan igiya suna ne, kuma suna shi ne babban abin da Baba ya bar mana. Bayan rasuwarsa da 'yan makonni wani dattijo ya zo daga Maraɗi, ya tsaya a bakin shago ya yi sallama, ya ce, "Kai ne ɗan Alhaji?" Na ce ni ne. Ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya zaro ƙunshin kuɗi daga aljihun 'yar cikinsa ya ajiye a gabana, ya ce cikon kayan da ya ɗauka ne tun kafin Baba ya kwanta. Na duba duk takardun da ke shagon, babu sunansa ko'ina. Har yau jikansa a wurinmu yake sari. Wanda ya buɗe shago da kuɗinsa shi kaɗai sai ya yi shekaru kafin ya sami irin wannan, mu kuwa tarar da shi muka yi.

Na kuma ga amfanin ɗan'uwa a 2023, shekarar da ban taɓa ganin irinta ba. Da farkonta aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin Naira, mai saye ya zo da niyya amma babu tsaba, taransfa kuma ta maƙale a hanya. A watan Yuni aka saki Naira, Dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta yi ta hawa har ta haura 1,500 a farkon 2024. Ka sayar da dila yau da riba, gobe kuɗin ba za su sayo maka rabinta da kwata ba. Ana cikin haka aka yi juyin mulki a Nijar a ƙarshen Yuli, aka rufe iyaka, masu sarinmu na can suka ɗauke ƙafa sai bayan da aka buɗe a Maris na 2024. Watanni muka yi ni da Yaya da ƙannena biyu ba wanda ya ɗauki komai a shago sai kuɗin cefane. Ma'aikacin da ka ɗauko daga waje ba za ka ce masa ya yi haka ba, kuma ba daidai ba ne ma ka ce. Su kuwa shagon ubansu ne, suna ganin in ya mutu wani abu nasu ne ya mutu.

Sai dai wannan jin cewa shagon na kowa ne, shi ne ya kusa kashe shi tun kafin a kai ga 2023.

Zamanin Baba durowa ɗaya ce, kuma daga cikinta ake yin komai. Cefanen gida, kuɗin makaranta, suna, biki, asibiti, gudummawar 'yan'uwa na ƙauye. Shi ya iya, domin lissafin duka yana kansa, kuma shi kaɗai ne mai sa hannu. Da ya rasu durowar tana nan yadda take, hannuwa ne suka ƙaru. Wannan ya zo ya ɗauki na gyaran mota, wancan ya ɗauki turmi uku matarsa za ta je biki, wata 'yar'uwa ta aiko a ba ta leshi za ta biya ƙarshen wata. Ba wanda ya ɗauki abin da yake yi a matsayin sata, ni ma ban ɗauka ba, domin ni ma ina yi. Amma a shekara ta biyu da muka ƙirga kaya, sai muka ga ciniki ya fi na bara, jari kuma ya ragu. Uwar kuɗi muke ci muna ce mata riba.

Abin da ya hana mu gyara da wuri kunya ce. Yaya ya girme ni da shekara tara, shi ya riƙa kai ni makaranta a kan keke. Ta yaya zan dube shi in ce, "Yaya, dubu hamsin ɗin da kuka ɗauka jiya na mene ne?" Harshena ba ya iya ɗaukar wannan magana. Akwai kuma ɗan Baffanmu da muka sa a sito, yaro mai fara'a, amma ba ya iya cewa abokansa a'a. Ya yi ta ba su kaya bashi ba tare da ya faɗa ba. Da abin ya fito na ce ya zauna a gida tukuna. Kwana biyu sai ga Baffa da kansa bayan sallar Magariba, ya zauna a zaure ya ce, "Yanzu ɗan'uwanka za ka kora daga shagon da ni na taya ubanku ɗaukar dilarsa ta farko a ka?" Gaskiya ya faɗa, ya taya shi. Na sunkuyar da kai na ce, "Ku yi haƙuri Baffa, gobe ya dawo." Ya dawo, kuɗin kuwa ba su dawo ba. Da bare ne da maganar ta ƙare a ranar. Da yake namu ne, sai ta bi ni har gida, ta shiga tsakanin matanmu, ta kai har gaisuwar Sallah ta yi sanyi.

Wanda ya fi damuna a cikin duka shi ne hakkin 'yan'uwanmu mata. Baba ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, shida mata ne. Shari'a ta fayyace komai: matan su raba tumuni, wato ɗaya bisa takwas, sauran a raba wa 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Mun kira malami ya yi lissafi, amma aka ce kada a fasa shago, a bar shi a dunƙule ya ci gaba da riƙe gida. Shawara ce mai kyau. Abin da ta haifar shi ne mu mazan da ke zaune a shago muna ci kullum, su kuma suna gidajen mazajensu, sai turmin Sallah da muke aika musu kamar kyauta, alhali daga dukiyarsu ne. Wata ƙanwata daga ɗaya ɗakin ce ta fara magana. Nan da nan aka ce 'yan ubanci ne. Ni na san ba shi ba ne, tambaya ta yi a kan abin da Allah ya ba ta. Da yawa daga shagunan da na ga sun watse a layinmu ba gobara ko ambaliya ce ta cinye su ba, a kan irin wannan suka ƙare a gaban alƙali, aka sayar da rumfa aka raba kuɗi, kowa ya kama gabansa ba a ko gaisawa.

Hajiya mahaifiyata ce ta buɗe mana hanya. Ta tara mu a falonta, har da abokiyar zamanta da 'ya'yanta, ta sa ƙaramin cikinmu ya karanta aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, wadda ke umartar a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba. Ta ce in Allah bai ga rubutu tsakanin Musulmi a matsayin rashin yarda ba, mu ma kada mu gani haka. Daga ranar muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko. Aka ƙirga kaya da basussuka aka san jarin, aka rubuta kason kowa. Aka yi wa shago rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, aka buɗe masa asusun banki da sunansa, ba da sunan ɗayanmu ba. Duk mai aiki a shago aka yanka masa albashi, ni da Yaya ma haka. Wanda ya ɗauki turmi, ko na matarsa ne, a rubuta a cire a albashinsa. Riba kuma sau ɗaya ake rabawa a shekara, bayan ƙaramar Sallah, kowa da kasonsa, mace da namiji.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Yaya ya yi kusan wata biyu ba ya min magana sai ta ciniki. Yana ganin an mayar da shi yaron shago a wurin da ya yi shekara ashirin yana wahala, kuma ban ga laifinsa ba. Ɗaya daga ƙannena ya ce a ba shi kasonsa, ya tafi Farm Centre yana sayar da wayoyi. Da ma bai taɓa son atamfa ba, an dai haife shi a cikinta ne. Na daɗe ban lura da wannan ba: yadda shagon gado yake ba yaro abin yi tun bai nema ba, haka yake rufe masa ido daga abin da zai fi iyawa. Tafiyarsa ta rage mana jari sosai a lokacin, amma yanzu in na je wurinsa na ga yadda yake magana da masu saye, nakan san can ne wurinsa.

Akwai wani gyara da har yanzu ban gama ba, shi ne na yaran shagonmu da ba jininmu ba. A al'adar kasuwa yaro zai yi maka hidima shekaru, sannan ka sallame shi da jari ya buɗe nasa. Baba ya sallami mutane da yawa haka, wasunsu sun fi mu ƙarfi yau. Amma a shagon da magada suka yi yawa, kowa ɗansa yake so a tura gaba, yaron da ya fi kowa amana sai ya tsufa yana ɗaukar dila. Akwai ɗaya a wurinmu da ya shekara takwas, shi ke riƙe da makullin sito tun bayan abin da ya faru da ɗan Baffa. Na kawo maganar sallamarsa a zaman bara, wasu suka ce a bari kasuwa ta daidaita. Na rubuta ta a saman takardar zaman bana, kuma na riga na gaya wa Yaya cewa in ba a amince a fitar daga ribar shago ba, zan fitar daga kasona. Bai ce min komai ba a ranar. Washegari da na buɗe littafi na ga ya rubuta sunan yaron da hannunsa, ya sa adadi a gefe, ƙarƙashin nasa kason.