Gafakar kakanmu da ƙusoshi uku

'Yan'uwa masu koyon dukanci, barkanmu da war haka. Wata 5 ke nan da na fara zuwa rumfar Baba, badukun da ke koya mini aiki, duk ranar Asabar, kuma tun farko na ce zan riƙa faɗa muku inda aka kwana, ko da abin kunya ne. To, wannan karon akwai abin kunya. Na ɓata jar fatar akuya guda sukutum, kuma ba aska ce ta ɓata ta ba, ba almakashi ba. Ƙusoshi uku ne, waɗanda ban ma san suna wurin ba.

Kun san inda na tsaya a baya: rufin layu, kuben wuƙa biyu, sai ɗan alaben nan da bakinsa ya karkace har yara suka ce ya yi kama da bakin kifi. Ina cikin wannan ne mahaifina ya kira ni ɗakinsa, ya sauko da Alƙur'anin kakanmu, rubutun hannu, falle-falle cikin tadarishi, wato bangon da ke riƙe takardun. Gafakarsa ta tsufa, maratayin ya tsinke, kusurwa ɗaya ta cinye har ana hango kwali. Ya ce, "Tunda ka zama baduku, ga aiki." Da murmushi ya faɗa, amma na san ba wasa yake ba.

Na kai wa Baba tsohuwar gafakar ina zumuɗin mu yanka sabuwa. Ya juya ta sau biyu, ya shinshina, ya miƙo mini. "Ɗana, je ka warware ta tukuna. Mai ita ya mutu, amma in ka bi ɗinkin a hankali zai yi maka magana." Asabar guda na yi ina zare ɗinki da tsinin basilla. Abin da na gani ya rage mini girman kai. Ba da zare aka ɗinka gefunan ba, da siririyar fata ce, wadda aka yanka ta yi kamar igiyar tsintsiya. Na ƙirga huda 9 a inci ɗaya, ni kuwa da ƙyar nake yin 5. Duk inda aka naɗe baki, an fere fatar ta yi siriri har haske na ratsa ta, shi ya sa kalmasar ta kwanta lumui ba tudu. Jikin gafakar kuma daga tsakiyar baya aka yanko shi, ba a taɓa ɓangaren ciki ba. Kafin ranar, ni fata fata ce a wurina. Ashe gadon baya yana da ƙarfi, ba ya miƙewa sosai, ciki da hammata kuwa sako-sako ne, da an ja sai su bi hannu kamar ƙullin alkama. In ka yanka marfi rabi a baya rabi a ciki, bayan wata biyu zai murɗe. Nan na gane dalilin bakin kifin alabena.

Fatar na je Majema na saya, nan Ƙofar Wambai a Kano. Wanda bai taɓa zuwa ba ya je, amma ya karya kumallo da wuri, don warin ba ya raga wa baƙo. A can ido zai nuna maka abin da ba ya faɗuwa da baki: ramukan jiƙo, fatun da aka tsoma a ruwan toka har gashi ya saki, mai kankarewa a sunkuye da wuƙarsa, kashin tattabaru da ake jiƙawa don fata ta yi laushi, sannan bagaruwa da aka daka aka zuba a ruwa, inda fatar za ta sha har ta jemu. Daga nan a shafa mai, a buga, a ja, a shanya. Baba ya koya mini duba fata kafin ciniki. Ka ɗaga ta ka fuskanci rana. Duk inda mai fiɗa ya yi ganganci da wuƙa za ka ga haske ya fi yawa, ramin cizon kaska kuma zai fito kamar tauraro. Gwanin fiɗar akuya da dunƙulen hannu yake ture fata, wuƙa sai inda ta zama dole. Ku tuna da wannan in layya ta zo, ku kuma zuba wa fatar gishiri da wuri, kada a jefar da ita bayan gida ta kwana.

Akwai abin da ke sosa mini rai duk sanda na riƙe fatar jar akuyar Sakkwato, wadda danginta ke Maraɗi. Ita ce ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita, ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, aka yi ta rufe littattafai masu tsada da ita ana kiranta fatar Maroko. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana fitar da takalma da jemammun fatu daga birnin, jajayen fatu har Tarabulus. Yau kuwa abokan aikina a ofis suna mini dariya wai ɗan boko ya koma baduku. Sai su yi ta yi.

Mu koma ga ɓarnar. Don kusurwoyin gafaka su tsaya daidai, sai an jiƙa fata an naɗe ta a jikin wani abu mai girman littafin, ta bushe a haka. Ba zan sa Alƙur'ani kusa da ɗanyen aiki ba, don haka na sa aka haɗa mini katako: tsawo santimita 24, faɗi 18, kauri 9. Allo biyu ne aka haɗe da ƙusa. Na yayyafa wa fatar ruwa har ta yi sanyi ta yi laushi, na naɗe ta fuskarta na kallon katako don kada ƙura ta hau, na ɗaure da tsumma, na kwanta ina jin kaina gwani. Bayan sallar asuba na kwance. Tabo uku, baƙi ƙirin, a jere, kowanne da inuwa shuɗi-shuɗi kewaye da shi, daidai inda marfi zai kasance. Na goga sabulu, ko gezau. Na matsa lemun tsami, baƙin ya ɗan dusashe, amma jan da ke kewaye ya kwashe ya koma ruwan goro, tabo uku suka zama taswira. Uwargida ta leƙo ta ce, "Ko dai aljanu ne?" Ban tanka ba.

Baba da ya gani sai da ya yi dariya har ya share hawaye da hannun riga. "Ai kuloko ka yi, ba ka sani ba." Ya jawo wani tsohon gwangwani daga ƙarƙashin benci, ya buɗe, wari ya bugo ni. Guntayen ƙarfe ne masu tsatsa kwance cikin ruwa mai tsami, ruwan ma ba baƙi ba ne can, toka-toka ne kawai. Ya tsoma tsinke ya ja layi a kan wani guntun fata. Da farko kamar ruwa ya shafa. Kafin in ƙirga goma layin ya fara duhu, kafin mu gama magana ya zama baƙi kamar tawada. Abin da ke faruwa shi ne, sinadarin bagaruwa da ya shiga jikin fata, wannan mai ɗaure baki in ka tauna, da ya haɗu da ƙarfe a cikin danshi sai su rikiɗe su zama baƙi. Ba fenti ba ne da ke zaune a sama balle a wanke, a cikin naman fatar yake. Shi ya sa baƙin zanen gafakar kakanmu yana nan daram, alhali jan ya koɗe.

Don haka ga abin da na canza. Kawunan ƙusoshin na dulmiya su ciki, na cike ramin da kakin zuma, na naɗe katakon da leda. Ruwan jiƙo a ƙwarya ko roba, ba a kwanon ƙarfe ba. Aska ba ta kwana kan jiƙaƙƙiyar fata, ko na minti biyar. In na wasa wuƙa, sai na wanke hannu kafin in taɓa aiki, don wannan baƙin ruwan da ke fita a dutsen wasa garin ƙarfe ne, yatsa ɗaya ya isa ya bar maka hatimi.

Abin ya zo da wani amfani da ban zata ba. Yanzu kuloko ne ma'aunina na gane jima. Fatun kamfani, irin na Challawa da Sharaɗa, yawanci da sinadarin kurom ake jeme su, in ka yanka za ka ga cikin ya yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, kuma kuloko ba ya kama su. Suna da kyau ga jaka mai laushi, ba na kushe su, amma ba sa riƙe siffa in an jiƙa, bakinsu kuma ba ya gogewa ya yi sheƙi. Ga aiki irin na gafaka, ta bagaruwa ce.

Fata ta biyu fara na saya, na ce zan rina da kaina. Na samo karan dafi a Kasuwar Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma har yau in ka san lungun da za ka shiga, babu kayan aikin nan da za ka rasa. Na daka shi, na jiƙa da ɗan ruwan kanwa, ruwan ya fito ja mai duhu kamar zoɓo ya ji wuta. Gwajin farko a kan guntu ya yi dabbare-dabbare, saboda na shafa a busasshiyar fata, inda tsumma ya fara sauka ya shanye ya fi ko'ina duhu. Sai an ɗan jiƙa fatar tukuna, a shafa sama-sama, a bari ta sha iska a inuwa, a sake. Sau 4 na yi. A ƙarshe na bi da ruwan lemun tsami da aka surka, launin ya ɗago ya yi haske, sannan man gyaɗa kaɗan a tafin hannu, sannan na yi ta dirza da gindin kwalba. Garin rini na kanti ya fi wannan ƙyalli nesa ba kusa ba, kuma minti goma an gama. Amma wanda na gwada a alabe ya bar mini jan tabo a aljihun farar riga ranar Juma'a, ni kuwa mahaifina a ƙirji yake rungume wannan gafaka.

Fere baki shi ne inda har yanzu nake shan wuya. Ana kifa fatar a kan abu mai santsi, ni guntun tayil nake amfani da shi, a kwantar da aska kusan ta kwanta gaba ɗaya, a tura ta waje tana zamewa gefe, ba a danna ba. Sau uku na huda. Duk ukun kuma dalili ɗaya ne: askar ta dakushe, na ƙara ƙarfi maimakon in tashi in wasa. Baba ba ya yin tsawon hannu ɗaya bai goga askarsa a guntun ƙirgi ba, har ba ya sanin yana yi. Da na fara kwaikwayonsa, sai ga fata na fita siriri-siriri kamar ɓawon albasa, da wata 'yar ƙara mai daɗi, shuu. Ranar har gida na tafi da ɓawon a aljihu na nuna wa yara, suka dube ni kamar na zautu.

Ɗinkin ban yi da siririyar fata ba, hannuna bai kai nan ba. Zare na murza da kakin zuma, allura biyu, kowace ta bi huda ɗaya daga nata ɓangaren, yadda in wuri ɗaya ya tsinke sauran ba za su zare ba. Na kai huda 7 a inci. Fatar akuya ba ta son a ja zare da ƙarfi, sai ta tattare kamar bakin zabira, don haka a ja har zaren ya kwanta, a tsaya. Wurin manne shafi na ciki na bar gam na kanti na koma ƙaro, saboda gam ɗin yana sandarar da wurin naɗi, kuma in ya ɓullo ta fuska ba ya fita. Ƙaro yana jinkirin kamawa, amma yana ba ka damar gyara zama.

Ɓatacciyar fatar ba ta tafi a banza ba. A kanta na koyi jan layin kuloko, na cika ta da zane har babu masaka tsinke, kafin in yarda in taɓa marfin gaske. Layi biyu a gefe da 'yan murabba'ai a tsakiya, iyakar abin da na yi ke nan, kuma ɗaya daga ciki ya ɗan yi ciki. Baba ya ce in bar shi.

Yanzu jiki ya haɗu, marfi ya zauna, katakon yana shiga yana fita ba gardama. Saura maratayi, kuma nan na tsaya. Alƙur'anin da tadarishinsa suna da nauyi, fatar akuya zalla za ta miƙe. Tsohon maratayin tufka ce ta silli huɗu, kuma daidai inda ya shiga jikin gafaka ya tsinke. Baba na ganin in sa siririn ƙirgi a ciki in naɗe shi da jar fata, ni kuma idona na kan tufkar, don ita na saba gani a bangon ɗakin kakanmu tun ina yaro. Wanda ya taɓa haɗa biyun, wato tufka a kan ƙirgi, ya gaya mini yadda ya ɓoye bakin a wurin haɗi. Hunturu ya kusa, ina so in gama in shafe ta da mai kafin iska ta fara busar da fata a hannu, mahaifina kuma jiya ya sake tambaya.