Ozon ɗin da ya sauka a karkara

Yau da la'asar na duba taswirar ingancin iska a wayata, sai na ga gargaɗin ozon, wata iska mai cutar da huhu da amfanin gona, ya fi tsanani a ƙauyukan da iska ke kaɗawa wajensu fiye da tsakiyar birni, inda motoci suka yi cunkoso. Babu salansar mota ko bututun masana'anta da ke fitar da ozon kai tsaye. Abin da suke fitarwa shi ne wata iska mai suna naitirojin oksaid, wadda ke gauraya da tururin fetur da na fenti, har da wanda itatuwa ke fitarwa, sannan hasken rana ya sarrafa su su zama ozon cikin 'yan sa'o'i, lokacin da iska ta riga ta kwashe su zuwa nesa. A cikin birni kuwa, sabon hayaƙin motoci yakan cinye wani kaso na ozon ɗin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ozon ya wuce maikirogiram 100 a kowace kubik mita, a matsakaicin sa'o'i 8, amma ranakun zafi marasa gajimare sukan haura hakan a yanki guda baki ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne manomin da ko mota ba shi da ita, alhali huhunsa da amfanin gonarsa ne ke shan wannan iska.