Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Neman Asalin John Howland

A makon jiya na tsaya a inda dattijuwar da nake haya a gidanta a Boston ta miƙo mini akwatin takardun iyayenta, ta roƙe ni in taya ta tabbatar da cewa salsalarta tana komawa ga John Howland, ɗaya daga cikin mutum 102 da jirgin ruwan Mayflower ya kawo Amurka daga Ingila a 1620. Burinta shi ne ta shiga ƙungiyar zuriyar fasinjojin jirgin, wadda aka kafa a 1897 a Plymouth, garin da fasinjojin suka kafa a jihar Massachusetts ta yanzu, kuma ƙungiyar ba ta karɓar "ka ce na ce". Sai an kawo shaidar haihuwa, aure da mutuwa ta kowane kaka, ɗaya bayan ɗaya.

Farkon tarihin bai ba mu wahala ba. An haifi Howland a ƙauyen Fenstanton na Ingila, ya shiga jirgin a matsayin bara na John Carver, wanda ya zama gwamnan farko na Plymouth. Ana tsakiyar teku guguwa ta jefa shi cikin ruwa, ya yi sa'a ya cafki igiyar jirgin, aka janyo shi.

Inda muka yi doguwar muhawara da ita shi ne kan matarsa. Kakarta ta gaya mata tun tana ƙarama cewa Howland ya auri 'yar gwamna Carver, kuma iyalai da dama sun daɗe suna riƙe da wannan magana. Abin da ya rushe ta shi ne rubutun hannun William Bradford, gwamnan da ya gaji Carver, wanda ya ɓace daga Amurka, aka gano shi a 1855 a ɗakin karatu na Bishop na Landan, aka mayar da shi Massachusetts a 1897. Bradford ya rubuta ƙarara cewa matar Howland ita ce Elizabeth Tilley, yarinyar da aka yi wa baftisma a Henlow ta Ingila a 1607, wadda uwarta da ubanta suka rasu a hunturun farko bayan isowar jirgin, lokacin da kusan rabin mutanen jirgin suka mutu. A ganina, son jingina da gidan mulki ne ya haifi wancan labari, kamar yadda a gida kowa yake so a ce kakansa jinin sarauta ne.

Dattijuwar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce marainiyar ta fi burge ta. Howland da Elizabeth sun haifi 'ya'ya 10, shi kuma ya rasu a 1673, kuma daga tsatsonsu ne shugabannin Amurka irin su Franklin Roosevelt da George Bush suka fito. Aikin da ya rage mana shi ne gano ta wane ɗa daga cikin goman nan ita ta fito, domin takardun akwatin sun tsaya ne a ƙarni na 19. A mako mai zuwa zan kawo yadda muka bi rajistar tsofaffin garuruwan yankin Cape Cod da ke kusa da Plymouth.