Sati na bakwai da gwandojina: feshin da na yi ne ya jawo min jan gizo-gizo

Salamu alaikum 'yan uwa masu 'yar gonar bayan gida, ga inda aka kwana da gwandojina tara da lemun tsami biyu.

Farkon Disamba na ga darɓa a sabon tohon lemu, hankalina ya tashi na je kasuwa na sayo maganin ƙwari lamda na cika fanfon feshi na bi duk bishiyoyin har gwandar da ba abinda ya same ta, bayan kwana 10 na sake maimaitawa. Darɓa kam ta mutu. To amma wajen sati uku sai ganyen gwanda na ƙasa ya fara ɗigo-ɗigo fari-fari kamar an tsittsire shi da allura, daga nan ya koma rawaya ya bushe, da na juya bayan ganyen sai ga 'yar yana siririya da wasu jajayen ɗigo suna rarrafe a hankali, ashe jan gizo-gizo ne. Wallahi raina ya ɓaci sosai, da hannuna na shuka su tun daga iri.

Na nuna ma wani dattijo mai lambu a unguwarmu, nace Baba me zan ƙara fesawa? Yace ɗana ajiye fanfon nan tukuna, kai ka kashe masu gadin.

Da na bincika gaskiyarsa ne. Jan gizo-gizo ba ƙwaro ba ne irin darɓa, ƙafarsa 8, danginsu ɗaya da gizo-gizo da kaska, kuma a kan ganyen nan akwai wasu 'yan uwansa mafarauta da abincinsu kenan, su cinye shi su cinye ƙwansa. Magunguna irin lamda da saifametrin suna share mafarautan nan tas, shi kuma ɓarawon yafi su juriya, ga shi in da zafi cikin kamar sati ɗaya ƙwai ya zama babba, mace ɗaya kuma tana iya zuba ƙwai ɗari a rayuwarta. Ƙara da ƙurar hunturu da bushewar iska, abinda yafi so kenan. Ashe ma tsohon labari ne, a gonakin tuffa na Amurka da Turai bai zama babbar annoba ba sai bayan yaƙin duniya na 2 da aka shiga fesa maganin ƙwari na DDT. Mafarautan nan ba wasa ba ne fa, irinsu cibiyar binciken noma ta IITA ta kawo daga Brazil ta saka a Jamhuriyar Benin a 1993 don maganin koren gizon rogo, kuma yayi aiki.

Abinda nake yi yanzu, na daina feshi gaba ɗaya. Ganyen da ya lalace sosai na yanke na ƙona. Duk bayan kwana biyu da sassafe ina wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi, in yayyafa ma ƙasa don ƙura ta kwanta. Ranar Asabar kuma ina kaɗa ganye a kan farar takarda in duba da gilashin ƙara girma, satin farko takardar cika take, yau ƙalilan ne, kuma na ga guda biyu masu haske suna gudu da sauri ba irin rarrafen jajayen ba, ina kyautata zaton mafarautan ne suka fara dawowa, naji daɗi ƙwarai.

Na sayi abamektin, maganin gizon, na ajiye, in abin ya sake tashi bishiyar da ta kamu kawai zan fesa, kuma ba a jere ba don saurin sabawa da magani gare su. Farar wuta kuma dan Allah kar ku saka in zafi ya shigo, ƙona ganye take. Sabon tohon gwanda dai kore shar ya fito, Asabar mai zuwa zan sake kaɗa takarda insha Allah.