Janaretan siginar da na so in mayar

A kasuwar kayan gwanjo ta Jidda na sayi janaretan sigina, wato na'urar da ke fitar da siginar lantarki ta gwaji, domin gwada allunan lantarkin da nake gyarawa a shagon kawuna. Da dare na haɗa shi da tsohon osiloskof ɗinmu, na'urar da ke zana siffar sigina a fuskarta, mai megahaz 20 (megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ce a sakan, kilohaz kuma dubu). A kilohaz 1 sigina mai kusurwa huɗu ta fito tsaf, kamar an ja ta da rula. Ina kai ta megahaz 5 sai kusurwoyin suka narke, ta koma kamar tudun rairayi. Raina ya ɓaci, na kwana da niyyar mayar wa mutumin kayansa.

Da safe Kawu ya ɗauki furob ɗin, wato tsinken da ke ɗauko sigina zuwa osiloskof, ya juya shi a hannu, ya nuna mini ɗan makunnin da ke jikinsa da farcen babban yatsa. "Ɗana, a ×1 ka bar shi. A haka da ƙyar yake wuce megahaz 6." Ya tura shi ×10, kafaɗun siginar suka miƙe nan take, amma ba su kai yadda nake so ba.

Nan ya zaunar da ni. Sigina mai kusurwa huɗu taron sigina masu lanƙwasa ce, kamar yadda lissafin Fourier, Bafaranshen nan, ya nuna: ta asali, da mai ninkinta uku, da biyar, da bakwai, kowace ƙarfinta na raguwa zuwa sulusi, humusi, haka dai. Su ne ke kaifafa kusurwa. A megahaz 5 ke nan ana bukatar 15 da 25 da 35, alhali na'urarmu ta osiloskof tun daga 20 ta fara kasawa. Ka raba 0.35 da megahaz 20, za ka samu nanosakan 17.5 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Ko da gefen siginar a tsaye yake cak, sai ta ɗauki wannan lokacin kafin ta zana hawansa.

Muka aro na'urar osiloskof mai megahaz 100 a wurin maƙwabci, wadda jinkirinta nanosakan 3.5 ne kacal. Sai ga hawan ya tsaya wajen nanosakan 15, daidai da abin da takardar janaretan ta ce. Ashe nanosakan 23 ɗin da na auna a tamu haɗin jinkirin biyun ne, na janaretan da nata, ko da yake ba tara su ake yi kai tsaye ba.

Saura wata 'yar rawa a saman kowace kusurwa. Doguwar wayar ƙasa ta furob ce ke jawo ta. Na cire furob, na sa kebul kai tsaye da toshiyar om 50 (om ma'aunin turjiyar lantarki ne) a bakin osiloskof, tunda janaretan ma om 50 ne. Rawar ta ɗauke, tsayin siginar ya ragu da rabi, wanda Kawu ya ce haka ya kamata.

Har ga Allah na ji nauyin zargin da na yi wa bawan Allahn nan a zuci. Ranar Juma'a bayan la'asar na koma rumfarsa, na sayi kebul biyu a hannunsa.